Ranar Da Za a Ba Ta Lulu

"Auta, kin tambayi yarinyar kuwa?"

Auta ta ajiye labulen da take ƙoƙarin ratayewa, ta juyo ta dubi Injiniya, wanda saura wata biyu a ɗaura musu aure. Yana tsugune yana ɗaure ƙafar ƙaramin gado, bai ko ɗago kai ba.

"In tambaye ta me? 'Yar Yayata ce fa. Jinina ce."

"Na sani, farin cikina. Amma matar nan kaɗai ta sani a matsayin uwa…"

"Ka fito fili ka ce ba ka son riƙon 'yar wani."

Sai a lokacin ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Ni na sayo gadon nan. Tsorona kada ya zama ranki kike son ki sanyaya, ita kuma ki ƙona nata."

Ta buɗe masa ƙofa. Ya tattara kayan aikinsa ya fita.

Lulu, 'yar Yayar tata, ba ta fara tafiya ba lokacin da hatsarin mota ya ɗauke iyayenta. Auta tana ɗakin kwanan ɗalibai a lokacin, ba aiki, ba gida, ba wani babba da ya rage musu. Ofishin kula da yara ya miƙa jaririyar riƙo ga wata nas da ta yi ritaya. Tun daga ranar Auta ta sa abin a ranta. Ta gama karatu, ta sami koyarwa, ta kama gida, ta yi ta zarya ofishin har masu gadi suka san ta. Yanzu Lulu ta shekara shida, an kuma amince a ba ta ita.

Ranar karɓa, Auta da jami'ar ofishin suka je gidan nas ɗin. Mama Nas ta tarbe su da fara'a, amma fuskarta a kumbure take. Akwati na tsakiyar falo.

"'Yata, zauna in faɗa miki," in ji ta. "Maganin shaƙarta na aljihun gefe. In ƙirjinta ya fara ƙara, kada ki kwantar da ita, ki zaunar da ita a cinyarki. Ba ta son a rufe mata ƙofar banɗaki. In za ki taje mata kai, ki fara daga ƙasa…"

Sai ta tashi ta shige kicin, wai za ta kawo ruwa.

Lulu ta fito sanye da sabuwar riga, takalminta a ƙafa. Ba kuka, ba gardama. Ta zo ta tsaya gaban Auta, hannayenta a baya.

"Anti."

"Na'am, 'yar lelena."

"In na yi kirki a gidanki, ban ɓata komai ba… za ki dawo da ni wajen Mama?"

Auta ta durƙusa ta kama hannayen yarinyar, sanyi ƙalau.

"Wa ya ce kin yi laifi?"

"Ba kowa. Na fasa kofi ne rannan. Sai aka ce zan tafi."

Auta ta rungume ta, hawaye na zuba a kan sabuwar rigar. Da ta iya magana, ta dubi jami'ar.

"Ranki ya daɗe, dole ne sai yau?"

Jami'ar ta zare tabarau ta goge.

"Ba dole. Doka ta fifita dangi, shi ya sa muka ba ki. Amma akwai wata hanya. Ta ci gaba da zama a nan, ke kuma a rubuta ki a matsayin danginta mai cikakken haƙƙi. Ƙarshen mako da hutu a wajenki, ba a yanke komai a kanta sai da ke. Na daɗe a aikin nan. Yaron da aka ciro daga inda ya kafu, yakan jima bai sake yarda da kowa ba."

Auta ta je ta jawo akwatin da kanta, ta mayar da shi ɗakin Lulu.

Mama Nas ta biyo ta, ta riƙe ta tana kuka.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Allah Ya ba ki naki."

A bakin titi Auta ta tsaya. Ta kira lambar Injiniya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kina ina?"

"Na bar ta…" Kuka ya ci ƙarfinta. "Na bar ta, Injiniya. Me zan ce wa Yaya?"

"Kada ki motsa. Ga ni nan."

Da ya iso bai ce ai na faɗa miki ba. Ya buɗe mata mota, ya miƙa mata hankici, ya bar ta ta yi kukanta har ta gaji.

"Ka yafe min maganar da na faɗa maka."

"Ni ma na faɗi tawa da zafi. Yau na ƙara sanin wa zan aura."

Bayan aurensu da mako biyu, Mama Nas ta kawo Lulu ranar Juma'a da 'yar jakarta. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen falon.

"Anti, yaushe zan koma?"

"Lahadi da yamma. Ni da Kawunki za mu kai ki."

"Da gaske?"

"Da gaske."

Lulu ta dubi Mama Nas, ita kuma ta gyaɗa mata kai. Sai yarinyar ta saki zanin tsohuwar, ta cire takalminta, ta shigo da kanta.