Takalmin Goggo Hajjo

Goggo Hajjo ta tsoma ƙafafunta cikin robar ruwan ɗumi, ta lumshe ido, ta ce duk wanda ya ƙirƙiro doguwar tafiyar jirgi ba ya tausayin tsofaffi. Jiya ta sauka Guangzhou ta ƙasar Sin, ta kuma ƙi zuwa otal, wai ba za ta biya kuɗin kwana ba alhali 'yar yayanta na da ɗaki a garin. Surayya, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a, tana tsaye tana soya mata ƙwai, sau biyu tana zuba gishiri ba ta sani ba.

Dole hankalinta ya rabu biyu, don ba sarin kaya kaɗai ya kawo Goggo ba. Abban Surayya ya ɗora mata aikin ganin yaron nan Sha'aban da 'yarsa ta nace a kansa. Ya ce abin da ta gani shi ya gani, in ta ce a'a magana ta mutu. Goggo kuwa duk dangi sun san ta, abin da ke ranta ba ya kwana a ciki.

"Me ma kika ce yana yi?"

"Consultant ne, Goggo, a kamfanin takalma."

Goggo ta ce ita ba ta san wannan ba, amma in dai akwai ofis da kujera ai shi ke nan. Da ta tambayi takardunsa, Surayya ta yi bayani a hankali: bizar aikin wucin gadi ce, kwana casa'in. Kamfanin ne ke nema masa, in ta ƙare ya koma Kano sai sun sake kiransa. Wannan zuwansa na huɗu ne, saura kwana tara ya tafi. Goggo ta taɓe baki ta ce baƙon wata uku ke nan, ya zo bayan la'asar ta gan shi.

To, a gaskiya babu ofis, babu kujera. Sha'aban ɗan baduku ne, a cikin fata da zare ya tashi. Ranar da ya fara zuwa Sin rakiyar wani ɗan kasuwa, ya ɗauki takalmin mata a wani shago ya ce wa mai shagon wannan ba zai shiga ƙafar matan ƙasarsu ba, ya yi siriri. Mutumin ya yi musu. Sha'aban ya cire silifas ya zura tasa ƙafar, mai faɗi, mai tudu a sama, ya nuna masa inda ke matsewa. Daga nan aiki ya samu. Duk sabon samfuri shi ke sa shi, ya yi ta zirga-zirga a ciki, ya zana inda ke ci da alƙalami, a mayar masana'anta a gyara. Surayya ta san duk wannan tun farko. Tana sonsa har cikin ranta, amma ko ƙawarta ta kusa ba ta taɓa gaya wa ba, don kunya take ji.

Da suka gama karyawa Goggo ta jawo wani baƙin takalmi mara tsini, ta shafa shi kamar jariri. Tana da ciwon suga, kuma shekara uku da suka wuce wani takalmin biki ya ci mata yatsa har likita ya fara maganar yankewa. Tun daga lokacin ba ta sami abin sawa ba sai da ta dace da wannan, yau shekara biyu ke nan. Duk hajiyoyin da ta sayar wa sun dawo neman ƙari, shi ya sa ta nemo katin shagon, ta zo da ƙafarta ta sara. Ta miƙa wa Surayya katin ta ce ta karanta wa mai tasi.

Surayya na ganin lambar shagon gabanta ya faɗi. Titin Zhanxi Lu, bene na uku, shagon su Sha'aban ne. Ta ce ko su fara zuwa kasuwar Baima duba abaya, Goggo ta ce takalmi ya kawo ta. A cikin mota ta tura masa saƙo har huɗu, ya ɓuya, ya fita, ya yi ko ma mene ne. Ko ɗaya bai buɗe ba, don in yana aiki wayarsa na cikin jaka.

Suna shiga mai shagon, wanda kowa ke kira Lawban, ya tare su da gaisuwarsu ta "ni hao" yana washe baki. Can ƙuryar shagon akwai wata doguwar darduma, maza biyu na kai da kawowa a kanta, sun naɗe wanduna zuwa ƙwauri. Ɗaya ɗan Kolombiya ne, mai irin takardar Sha'aban, yana gwada na kasuwar ƙasarsu. Ɗayan kuwa dogo ne baƙi, da gemunsa da tabon salla a goshi, ƙafarsa cikin takalmin amare ruwan gwal mai duwatsu.

Goggo ta saki salati. Wasu 'yan kasuwar Kano biyu da ke zaɓen kaya suka fashe da dariya, ɗaya ya ce ai ɗan gida ne, kullum haka yake rangwaɗa. Goggo ta juyo ta dubi Surayya.

"Ke da kike garin nan, kin san wannan?"

Sha'aban ya riga ya ɗago, murmushi ya fara fito masa. Surayya ta sunkuyar da kai.

"Ban san shi ba, Goggo."

Kowa a shagon ya ji, har shi. Murmushin ya tsaya inda yake. Bai dube ta ba kuma. Ya cire takalmin, ya sauke wandonsa, ya zo ya durƙusa ya gaida Goggo kamar yadda ake gaida uwa. Ita kuwa ta buɗe masa wuta. Ta ce ina iyayensa, wane irin neman duniya ne zai sa ɗa namiji Musulmi ya tsallako ƙasashe ya zo yana sa takalmin mata ana yi masa dariya, da ya zauna a gida ko faci ya yi ai ya fi masa mutunci. Ya ce ta yi haƙuri. Duk faɗan nan idonsa na kan ƙafarta.

"Hajiya, na hagun nan ya fara taɓa miki ƙaramin yatsa. Ƙafar ta ƙara kumburi. Kada ki sake yini a cikinsa."

Goggo ta dubi ƙafar tata, don tun a filin jirgi take jin wurin na zafi, ba ta gaya wa kowa ba. Ya sa ta taka kwali, ya zagaye ƙafar da alƙalami, ya ce zai buɗa mata wani da hannunsa a kai mata kafin magariba. Lawban da ya ga ana magana ya ɗauko wata ƙafar roba da ake ɗinka takalmi a kanta, ya nuna takalmin Goggo, ya nuna ƙafar Sha'aban, yana ɗaga babban yatsa. Nan Goggo ta gane a ƙafar yaron aka daidaita takalminta. Ta zaɓi kayanta, ta sa Surayya ta rubuta adireshi. Surayya ta rubuta adireshin da Sha'aban ya fi kowa sani.

Suna shiga ɗaki Surayya ta zube a gaban Goggo, kukan da ta danne tun daga bene na uku ya ƙwace.

"Goggo, shi ne. Shi ne Sha'aban."

Goggo ta dube ta. Sannan ta fara, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba. Ta ce da wane baki za ta gaya wa Yaya surukinsa takalmin amare yake sawa, ranar ɗaurin aure 'yan kasuwar nan biyu kaɗai sun isa su cika Kano da labari. Ta yi faɗan har ta gaji, ta zauna bakin gado ta cire takalminta. Ƙaramin yatsan ya yi ja, daidai inda yaron ya faɗa. Ta zuba masa ido.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Sha'aban ne, cikin farar shadda da hula, da leda a hannu. Ya ƙi zama a kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya ce takalmi ya kawo, ba zance ba, don ba ya so ya ɗora wa kowa abin da zai riƙa ɓoyewa. Goggo ta zura ƙafa, ta miƙe, ta je taga ta dawo, ta sake zuwa ta dawo. Sai ta tambaye shi, wannan karon a hankali, me ya sa bai nemi wani aikin ba.

Ya ce takardarsa ta wannan aikin ce kaɗai, in ya taɓa wani ya karya doka. Abokai sun sha ba shi shawarar ya ɓata a gari in kwanakinsa sun cika, ya shiga harkar kaya a kira shi babban mutum, ya ƙi. Ba ya son rayuwar da zai ga ɗan sanda ya canza hanya. Sannan ya ce mahaifiyarsa irin ƙafarsa gare ta, da irin ciwon Goggo. Takalmin aro ta sa zuwa wani suna, ƙaramin rauni ya zama babba, da sanda ta ƙarasa rayuwarta.

"Ni ma ina jin kunyar, Hajiya, ba dutse ba ne ni. In ana dariya har cikin ƙashina nake ji. Amma in ya cije ni a nan, ba zai ciji wata uwar a can ba."

Goggo ta share ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙin girkin yarinyar nan ne ya dame ta, alhali ko murhu ba a kunna ba. Ta ce ashe shekara biyu a kan ƙafarsa take yawo, ta je Makka a kai, ta aurar da 'ya'ya biyu a kai, yau kuma ta zage shi a gaban mutane. Ta roƙe shi gafara. Ta ce ita ta gama bincikenta, abin da za ta gaya wa Yaya ta san shi. Sai ta juya ga Surayya, wadda ke rakuɓe a bango kamar ta nutse.

"Saura ke. Yanzu ba mu ke duba shi ba, shi ke duba mu."

Surayya ta ba shi haƙuri tana kuka. Ya ce ya yafe, har ga Allah. Amma maganar aure a bar ta tukuna, don matar da ba ta san shi a shago ba, bai san ko za ta san shi a gidan suna ba. Ya yi sallama ya tafi. Wannan maganar ta fi mari zafi, kuma Goggo ba ta rarrashe ta ba ko kaɗan.

Kwana biyu Surayya ba ta iya cin abinci ba. A na uku ta shirya ita kaɗai ta nufi Zhanxi Lu. Ta tarar da shagon a cike, 'yan kasuwar nan biyu na nan da wasu uku, Sha'aban na kan darduma cikin wani jan takalmi mai igiya. Ta kusa juyawa. Ɗaya daga cikin mutanen ya gane ta, ya ce Hajiya ƙarama an dawo kallon amarya ke nan.

"Ba amarya ba ce, ango ne," in ji Surayya, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Sunansa Sha'aban. Na san shi shekara biyu, shi nake fatan aura in zai karɓe ni. Ranar nan ƙarya na yi."

Dariyar ta mutu. Ta wuce ta gabansu, ta tsuguna a bakin dardumar, ta karɓi alƙalamin daga hannunsa ta tambaye shi ina ne ke ci. Sannan ya nuna mata bayan diddige, ta zana.

Ranar da kwanakinsa suka cika ya hau jirgi, bai ƙara ko yini ɗaya ba. Surayya ta ƙarasa karatunta, wata bakwai suna jira. Abba ya yi gardama da farko, Goggo ta cire takalmi ta ajiye masa a kan tabarma, ta ce ya duba yatsunta goma, in ya ga ɗaya ya ɓace sai ya hana. Aka ɗaura aure bayan babbar salla, kuma an yi surutun da Goggo ta hango, har ma ya fi haka. Duk wadda ta zo da gulma tana tambayar amarya sana'ar ango, Surayya ba ta ƙara cewa consultant ba, takan ce takalmin mata yake gwadawa, sai ta dubi ƙafar mai tambayar.

'Yan'uwa mata, sana'ar halal ba ta zubar da mutunci, ko da duniya za ta yi mata dariya. Abin kunya shi ne ka ji daɗin mutum a ɓoye ka musanta shi a fili. Sha'aban ya yi shekaru yana sa takalmin da ba nasa ba bai taɓa sunkuyar da kai ba. Surayya kalma huɗu ta faɗa a shago, kuma har yau in ta tuna su sai ta rufe fuska.