Birkin Giwa

"Karanta mana, Baba. Kai ne ɗan bokonmu."

Nababa ya shimfiɗa wata takardar tallar jirgin ƙasa a kan buhun riɗi, ya danne ta da bindiga don kada fanka ta kwashe. Ƙarfe uku na yamma ne, a wani tsohon sito a unguwar Bukan Sidi da ke Lafia. Su biyar ne, kuma sana'arsu tare hanya: su jefa katako mai ƙusoshi a titin Doma, mota ta tsaya cak, su yi abin da ya kawo su, su shige daji. Shekara shida suna haka, har kan Nababa ya kumbura, ya fara ganin ya fi ƙarfin motar haya.

Baba Iorwuese, direbansu, ya gyara tabarau. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran layin dogo kafin jirgi ya daina zuwa Lafia, ciyawa ta cinye layin, yunwa ta jefa shi hannun Nababa. Yanzu ga wani sabon kamfani, wai shi Bakan-gizo, ya farfaɗo da harkar.

"Jirgi uku suke da shi," in ji Baba. "Barewa, tarago biyar, Makurɗi zuwa Jos. Ɓauna, tarago takwas, Inugu zuwa Kaduna. Sai Giwa, tarago goma sha huɗu, daga Fatakwal har Kano. Yana ratsa Lafia duk Alhamis, ƙarfe biyu na rana."

"Giwa!" Lawal, mataimakin Nababa, ya yi tsalle. "Oga, wallahi mun warke!"

Baba ya ƙura wa takardar ido. Wata biyu ke nan da 'yarsa Msurshima ta samu aikin duba tikiti a cikin Giwa. Ita ta ɗauka ubanta direban motar doya ne. Shi kuwa ya san halin Nababa sarai: duk wanda ya gani da yunifom, shi yake fara harbi, sannan ya tambayi sunansa.

"Oga, abeg, Barewa ya fi sauƙi fa," in ji Baba.

"Barewa? Ɗalibai ne da 'yan zuwa biki. Manyan 'yan kasuwa a Giwa suke. Ko tsoro ya kama ka ne, tsoho?"

Baba ya girgiza kai. Na ƙarshe a cikinsu da ya ce ya tuba, a gonar rake aka tsinci gawarsa.

"Mu kai katakonmu!" in ji Lawal.

"Tayan ƙarfe za ka fasa da ƙusa?" Baba ya kusa dariya duk da halin da yake ciki. "Jar tuta ake ɗagawa. Direba ya gan shi, dole ya taka birki. Doka ne."

"Shi ke nan? Tsumma kawai?" Nababa ya washe baki. "Kai za ka riƙe tutar."

Baba ya jira wata tambaya guda ɗaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Babu wanda ya yi ta. Mutanen da suka shekara shida suna tsayar da mota, a tunaninsu duk abin da aka ce wa tsaya, a gabanka yake tsayawa. Nan Baba ya ji numfashinsa ya dawo.

Shi ya zaɓi wurin: kan wani tudu a bayan gari, inda layi ke gangarawa, ya sha kwana a bayan dutse, ya sauka daidai inda titi ya ratsa shi. Kowane ƙarfe na wurin ya taɓa ɗaure shi da hannunsa. Ya san Giwa, cike da mutane, a gangara, ba zai tsaya ba sai ya ci fiye da kilomita ɗaya.

Ranar Laraba da safe ya ari wayar wata mai ƙosai, ya kira ofishin 'yan sanda. Sufeto Muhibbat ce ta ɗauka.

"Madam, gobe ƙarfe biyu ku tsaya inda titi ya ratsa layi. Ku zo da ankwa."

"Wane ne? Ankwa nawa?"

"Huɗu." Sai ya sake tunani. "A'a, ki zo da biyar."

Alhamis. Rana a tsakiyar ka. Nababa da yaransa uku sun kwanta a ciyawa, fuska a ɗaure. Ƙasa ta fara rawa. Giwa ya fito daga nesa yana huci.

"Ɗaga, Baba! Ɗaga!"

Baba ya ɗaga tuta. Ƙiiiii! Birki ya kama, wuta na tartsatsi a ƙarƙashi. Nababa ya miƙe da bindiga, ya gyara tsayuwa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

Kan jirgi ya wuce shi — fuuu!

Tarago na ɗaya — ya wuce! Na biyu! Na biyar!

A tagar na shida, wata yarinya mai shuɗiyar hula ta leƙo don ta ga abin da ya faru. Idonta ya faɗa cikin na mai tuta. Shi kaɗai ne bai rufe fuska ba. Bakinta ya buɗe, jirgi ya tafi da ita.

"Ya ƙi tsayawa!" Lawal ya yi ihu.

"Yana tsayawa, Oga!" in ji Baba. "Ga shi yana rage gudu!"

Nababa ya daka tsawa: "Ku bi shi! Ku bi shi, 'yan iska!"

Suka zuba a guje a kan tsakuwar layi. Kowa ya san tsakuwar layi ba a yi ta don gudu ba, balle da silifas. Na Lawal ya tsinke tun a taku na goma. Ga jirgi nan a gabansu, kamar su miƙa hannu su taɓa, amma ya ƙi kamuwa.

A tarago na ƙarshe wata mai manja ta hango su, tausayi ya kama ta.

"Ku ƙara mai, 'yan samari! Akwai wuri a nan!" Sai ta ga bindigogi. "Jesus! Ɓarayi ne!"

A can ƙasa kuwa, Sufeto Muhibbat na cikin motar sintiri tana cin gasasshiyar doya, ta riga ta yanke cewa raina musu hankali aka yi. Sai ga Giwa ya shawo kwana yana kuka, ya zo a hankali, ya tsaya cak a gabanta. Ta ajiye doyar, ta jera mutanenta bakwai a bayan tarago na ƙarshe.

Minti shida suka jira. Har wani kofur ya yi hamma.

Sai ga su nan. Nababa a gaba, harshe a waje, yana dogara bindiga kamar sanda. Lawal na ɗingishi da takalmi ɗaya.

"Ku ajiye makamai! Ku kwanta!"

Ba a taɓa bin umarnin 'yan sanda da farin ciki irin na ranar ba. Suka zube. Lawal ya ɗaga kai da ƙyar.

"Madam… abeg… ruwa."

Ƙaras! Ƙaras! Ƙaras! Ƙaras! Ankwa huɗu suka shiga. Fasinjoji na tafi ta taga. Sufeto ta tsaya tana jujjuya ta biyar a yatsa.

Makullin mota na aljihun Baba, ga hanyar Doma a buɗe, babu mai binsa. Ya daɗe tsaye a kan tudun. Amma yarinyar ta riga ta gan shi, kuma bai ga inda zai gudu ya ɓuya wa wannan kallon ba. Ya naɗe tutarsa yadda aka koya masa a wurin aiki, ya bi layi a hankali.

"Kai ne!" Nababa ya yi gurnani daga ƙasa. "Tsohon munafuki!"

"Ba ka tambaye ni inda zai tsaya ba, Oga."

Ya miƙa wa Sufeto hannu biyu. Msurshima ta sauko daga jirgi, hawaye na zuba.

"Baba, motar doyan fa?"

"Babu motar doya, 'yata." Kunya ta hana shi ɗaga ido sosai. "Hulanki ya karkace. Gyara shi, kina kan aiki."

Ba ta gyara ba. Ta juya ta hau jirginta.

Nababa da yaransa sun samu shekara ashirin da ɗaya kowanne. Baba ya samu bakwai, don Sufeto ta faɗa wa alƙali wanda ya kira ta. Wata takwas babu wanda ya zo ganinsa. Duk Alhamis ƙarfe biyu yana zama a gindin katangar gidan yari, ya ji Giwa ya busa ƙaho sau ɗaya ya wuce.

Wata Alhamis gandiroba ya leƙo ya ce yana da baƙuwa. Baba ya dubi rana, ya ga biyu ta yi. Daga nesa Giwa ya busa ƙaho yana barin Lafia.

Msurshima na zaune a benci da kwanon abinci a cinya, hular a miƙe tsaf.

"Kin rasa jirginki," in ji shi.

"Hutu na ɗauka," ta ce. "Zauna ka ci, kafin ya huce."