Sai da Takardar Aure

Ranar da Hazim ya fara ganin Nurhan, zaune take a kan akwatinta a bakin titi, ta cire takalmi ɗaya tana duba ƙafarta da ta yi bororo. Mahaifinta, Alhaji Abdurradi, na tsaye a kanta yana hararar benayen Iskandariyya kamar su suka yi masa laifi.

Kwana uku ke nan da suka baro garinsu Suhaj, can kudancin Masar. Ta samu gurbin karatun haɗa magunguna, amma ɗakunan kwanan jami'a sun cika. Duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa amsa ɗaya ce, ba a ba mace ita kaɗai haya. Inda aka yarda kuwa, ko ƙofar ba ta kulluwa, ko a tarar da 'yan zaman banza sun cika matattakala.

"Jibi Alhamis," in ji Alhaji. "In ban samu inda zan bar ki hankalina a kwance ba, jirgin ƙasan da ya kawo mu shi zai mayar da mu."

Hazim ya fito daga ɗan shagonsa na yankan makulli da kujeru biyu da shayi.

"Baffa, zauna ka huta. Likita, ga kujera, akwatin nan ya gaji."

"Ban zama likita ba tukuna," ta ce, kanta a ƙasa.

"A unguwar nan duk mai littafi a hannu likita ne. Ni kaɗai aka bari da guduma."

Ta yi dariya ba ta shirya ba, ta ɗago, suka haɗa ido. Shi ke nan.

Daura da shagon akwai wani bene mai ƙofar ƙarfe, hawa na uku babu kowa, tagoginsa shuɗaye suna kallon ƙofar jami'a. Mai gadinsa Baffa Shahhat ɗan kudu ne kamarsu, amma da suka roƙe shi haya ko gezau bai yi ba.

"Wallahi Alhaji ko 'yar cikina ce, sai da takardar aure. Umarnin mai gida ne."

Washegari wani dillali ya kai su gida a bakin teku, 'yan mata uku a ciki, haya da sauƙi. Alhaji ya ba shi hannu, suka karanta Fatiha, ya rattaba hannu bai duba layi ɗaya ba. A Suhaj, in namiji ya ba ka hannu kuma ka tsaya karanta takarda, ka ci fuskarsa. Abu ɗaya ya nace a kai, a kira yaron nan mai ladabi ya sauya kwaɗon ƙofa.

Hazim ya sauya, ya rubuta mata lambarsa. "Ko da makullin zai ƙi juyawa."

Makullin bai taɓa ƙin juyawa ba, amma bayan mako biyu saƙo ya shigo: "Mai makulli, ƙofar nan tana ƙara."

"Likitata, ƙofar lafiyarta lau. Amma zan zo in duba ta, in kuma duba mai ita daga nesa."

Haka sanyi ya wuce. Kullum in ta taso daga aji sai ta bi ta gaban shagonsa, ya miƙa mata gasasshen dankali a takarda, su yi magana ta minti biyar a idon jama'a. Wata rana ta nuna masa tagogin nan shuɗaye ta ce can zuciyarta take kwana. Ya ce tasa ma ta koma can tun da ta faɗa.

A tsakiyar watan Mayu mai gidan bakin tekun ta hau da takarda a hannu.

"Ranar talatin da ɗaya ku kwashe. Masu shan iskar teku na tafe."

"Hajiya, jarrabawarmu takwas ga Yuni za a fara."

"Hayar sanyi kuka ɗauka, 'yata. Ga hannun babanki."

Duk ɗan Iskandariyya ya san gidan bakin teku na ɗalibai ne da sanyi, na baƙi ne da zafi. Sauran 'yan matan sun sani, tuni kowacce ta shirya gidan 'yan uwa. Nurhan ce kawai ba ta da kowa.

Kwana goma sha biyu suna yawo ita da Hazim da mahaifiyarsa, ba su samu ko ɗaki ba. Uwar Hazim ta ce ta dawo wajenta, shi ya koma kwanan shago. Alhaji ya iso a jirgin safe, ya saurara, fuskarsa ba annuri, don maƙwabta sun riga sun tsegunta masa cewa mai makulli ya cika zarya.

"In bar 'yata a gidan saurayi? Me zan ce wa mutane a Suhaj?"

Hazim ya sunkuyar da kai. "To Baffa, ka ba ni ita. Aurenta nake so."

"Ina gidanka?"

A ƙasar nan ba a neman aure sai da gida a hannu, Hazim kuwa ɗaki biyu suke rabawa da uwarsa da ƙannensa.

"Ka yanka wa garin nan kaf makulli, kai ba ka da ƙofa. Nurhan, ɗauko akwatinki."

A cikin jirgi ta rubuta masa, hawaye na ɗiga a kan wayar: "Kai ɗan gari ne. Ka san hayar sanyi ce, ka sauya kwaɗo ka yi shiru."

"Ban tambaya ba, Likitata. Ranar ke nake kallo, ban kalli takarda ba. Ba zan yafe wa kaina ba."

Ta kife wayar. Ranar takwas ga Yuni tana tsakar gida tana tankaɗe gari, ta dubi agogo ƙarfe tara, ta san an raba takardu. Ta shiga ɗaki ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Shekara guda ta tafi a banza. In Satumba ta wuce ba ta koma ba, karatun ya ƙare ke nan, kuma Alhaji ya rantse ba zai sake ba ɗan birni hannu ba.

Ɗan baffanta Fathi, wanda ya gina bene hawa biyu, ya fara kawo gaisuwa da kwandon mangwaro. Alhaji bai matsa mata ba, sai dai ya ce, "Shi dai yana da ƙofa." Ta ɗaure littattafanta a kwali. Ta daina fata, abin da ya fi komai ciwo ke nan.

Wata uku babu saƙo, sai rana ɗaya: "Na je wajen Baffa Shahhat. Ya ce ba gida sai da takardar aure. Babanki ya ce ba aure sai da gida. Ina tsaye a tsakani, ban san inda zan dafa ba."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta: "Ni ma ban sani ba, mai makullina. Amma na huce."

Saura kwana shida a rufe rajista, bayan la'asar, aka yi sallama. Hazim ne da uwarsa, da Baffa Shahhat cikin babbar rigarsa ta zuwa biki. Nurhan ta kawo shayi ta laɓe bayan labule. Baffa Shahhat ya ture kofinsa gefe, ya ajiye makulli a kan faranti.

"Alhaji, ni ɗan kudu ne, ba zan sha shayinka ba sai ka biya mini buƙata. Wata uku yaron nan ya hana ni sakat. Na gaji da ku biyu, kai da mai gidana. A ɗaura aure, a ba ni takarda da dama, in miƙa makulli da hagu."

"Hayar sanyi ce ko ta zafi?" in ji Alhaji.

Hazim ya miƙa masa yarjejeniyar. Alhaji ya sa tabarau, ya bi ta da yatsa layi-layi, har sau uku, shayi na hucewa. Da ya gama ya cire tabarau ya goge ido.

"Da na yi haka bara, da 'yata tana aji biyu." Ya juya wajen labule. "Nurhan, kina sonsa?"

"Ina sonsa, Baba."

"Shahhat, sha shayinka."

An ɗaura aure ranar Alhamis, aka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ranar Asabar ta yi rajista, aji ɗaya kuma, tare da ƙannen ƙawayenta. Ba wanda zai mayar mata da shekarar nan, ta sani.

Hazim ya sauya kwaɗon hawa na uku da hannunsa, ya yanka makulli uku. Ya ba ta ɗaya, ya riƙe ɗaya, ya damƙa na ukun a tafin Alhaji.

"Baffa, duk ranar da hankalinka bai kwanta ba, ka hau jirgi ka zo. Ba sai ka ƙwanƙwasa ba."

Alhaji ya gwada makullin, ya kulle, ya buɗe, ya sake kullewa, ya jijjiga ƙofar da ƙarfi. Ba ta motsa ba.

"Allah ya yi muku albarka, ya tsare gidan nan da masu shi," ya ce. Ya ɗaure makullin a bakin rawaninsa, ya sauka ya kama hanyar tasha shi kaɗai. Nurhan ta buɗe shuɗiyar taga tana kallonsa har ya sha kwana.