Sallamar Kakan Kowa

Akwai wata yarinya da kakanta ke aiki a gidan rediyo. Kullum da hantsi shi ke gabatar da shirin gaishe-gaishe. Masu sauraro suna kiransa Kakan Kowa. Idan ya yi dariya a rediyo, har mai ɗinkin bakin layi sai ya tsayar da kekensa ya taya shi.

Wata rana Kaka ya ce zai ajiye aiki. Muryarsa ta gaji, likita ya ce ya huta. Ranar Asabar zai yi shirin ƙarshe, ya yi sallama da masu sauraro.

Yarinyar ta ɓata rai.

"Amaryata, me ya sa kika kumbura kamar balan-balan?" in ji Kaka.

"Ba komai," ta ce.

Amma akwai komai. Ba ta son a kunna rediyo a ji wata murya daban. Sai wata dabara ta zo mata. Ta sha jin Mama tana cewa baƙon da bai yi sallama ba, bai tafi ba. To, idan Kaka bai yi sallama ba, ai bai bar aiki ba ke nan.

Da safiyar Asabar ta ɗauke makullin babur ɗinsa, ta tura shi cikin takalminta na makaranta.

Kaka ya yi wanka, ya sa farar riga. Ya laluba aljihu. Babu makulli. Aka ɗaga matashi, aka kakkaɓe tabarma. Mama ta zazzage jakarsa a ƙasa.

"Baba, ka tuna inda ka ajiye mana."

"A kan tagar nan nake ajiye shi tun kafin ki yi haƙori," in ji Kaka.

Gidansu na can ƙarshen layi, abin hawa ba ya shigowa. Rediyo kuwa ba ya jiran kowa. Suna cikin nema sai kiɗan buɗe shirin ya tashi daga rediyon Mama. Abokiyar aikin Kaka ta ce, "Kakan Kowa yana hanya. Kafin ya iso, mu ɗauki kira."

Wani direba ya kira. "Na tsayar da mota a gefen titi don in ji sallamarsa. Yana ina?"

Sai wata tsohuwa. "Ni kaɗai ce a ɗaki, idona ba ya gani. Muryarsa ce ke gaya mini gari ya waye. A ce masa kada ya tafi bai ce mini sai wata rana ba."

Kaka ya zauna a bakin gado. Ya goge ido da hannun riga.

Yarinyar ba ta taɓa ganin haka ba. Ta je ta zazzage takalmin, ta kawo makullin tana kuka.

"Ni ce na ɓoye. Na zaci in ba ka yi sallama ba, ba za ka bari ba."

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗa. Kaka ya ɗaga hannu.

"Faɗa sai mun dawo. Hau baya, ki riƙe ni da kyau."

Da suka isa, shirin ya kusa ƙarewa. Mai kula da na'ura ya miƙa wa Kaka abin sauraro na kunne. Ya nuna wa yarinyar jar fitila a saman ƙofa.

"In ta kama, ko tari ba a yi."

Ta tsaya a bayan gilashi. Fitilar ta kama.

Kaka ya so ya gaida mutane da yawa, amma lokaci bai bari ba. Ya gaida direban. Ya ce wa tsohuwar, "Iya, gari ya waye lafiya. Sai wata rana." Ya gode wa kowa, ya nemi a yafe masa jinkiri. Bai ambaci makulli ba. Kiɗa ya tashi, fitilar ta mutu.

"Saboda ni ba ka gaida sauran ba," in ji yarinyar.

"Haka ne," in ji Kaka. "Da kin gaya mini abin da ke ranki, da mun zauna mun yi magana. Ni ma ba daɗi nake ji ba."

"Ka yafe mini."

"Na yafe. Amma hukuncinki, ke za ki raka ni mu gaida su da ƙafa."

A bakin ƙofa suka tarar da mutane sun taru. Yarinyar ta riƙe masa jaka, yana bi yana miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya, ana dariya.

Tun daga ranar ta gane cewa in abu ya dame ka, magana za ka yi. Dabarar ɓoye tana cutar da wanda kake so, har da waɗanda ba ka sani ba.