Ƙyauren Tagar Astruga

"Vidal, don Allah ka tafi! An kusa rufe ƙofar unguwa!"

Ko ɗagowa bai yi ba, sai buga ƙusa yake a ƙyauren tagarsu. Duk shekara in makon Ista na Kiristoci ya zo a birnin Girona, Yahudawa kulle kansu suke yi a gida, samarin Kiristoci su hau ganuwa su yi ta yi musu ruwan duwatsu har Lahadi.

"Astruga, ƙyauren nan ya girmi kakarki. Bari in gama."

"Ina jin ka, mara kunya!" in ji Kaka Dolsa daga gadonta na jinya a gindin tagar.

Astruga ta yi dariya, hawaye na zubo mata. Vidal ɗan unguwar ne. Yana yaro aka fizge shi daga hannun uwarsa ranar wata tarzoma, aka yi masa baftisma, aka sa masa Pere, wani kafinta Kirista ya raine shi. In aka gan shi a nan cikin wannan makon, za a ce ya koma addinin iyayensa, hukuncin kuwa shi ne a ƙone shi da wuta.

Mahaifinta, Shaltiyel, ya leƙo fuska a ɗaure.

"Kai, kama hanya. Na gaya maka, 'yata ba za ta auri mai suna biyu ba. Ran da wuya ta zo, wanne za ka amsa?"

"Abba..." in ji Astruga.

"Yi min shiru!"

Sai ƙararrawa ta kaɗa, suka ji ƙarar sakatar babbar ƙofa. Dutsen farko ya faɗo a kan rufi. Ƙyauren bai gama kamuwa ba, yana lilo a kan Kaka!

Vidal ya diro cikin ɗakin, ya jawo ƙyauren, ya tokare shi da bayansa. Kowane dutse ya daki katakon sai Astruga ta ji shi a ƙirjinta.

Daga kan ganuwa wani ya kwaɗa kira, "Pere! Mun gan ka! Pere, fito!"

Ya ƙi amsa wannan sunan, jini na bin kunnensa.

"Vidal..." ta faɗa a hankali.

"Na'am, sanyin idona."

Shaltiyel ya daɗe yana kallonsa. Can ya matso, ya jingina nasa bayan kusa da na saurayin.

"Girona ta gama maka, ɗana," ya ce. "Ina da ƙane a birnin Fas, ƙetaren teku. Ana buɗe ƙofa za ku bi ayari zuwa jirgin ruwa, ku biyu. Amma sai na ɗaura auren da hannuna."

Astruga ta rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace mata.

"To, ango," in ji Kaka, "in za ka kafa rumfar auren, ka kafa ta da kyau fiye da yadda ka kafa ƙyauren nan!"