Allura Ta Biyu

A Maje, duk wanda ka tambaya labarin Alhaji Siddiq mai kiwo, abu ɗaya zai faɗa maka: yana da kyauta, yana da zafin rai, kuma ba a taɓa jin ya ce wa wani "yi haƙuri" ba. Wannan ne abin da Sufeto Bamalli ya tsinta a bakin 'yan kallo ranar Juma'ar da aka kira shi ganin gawar bijimi.

Bijimin na kwance a bakin kwazazzabo, bayan gidan gonar. Cikinsa ya kumbura tim, yawu ya jiƙe ƙasar da ke gaban bakinsa.

"Yarinyar nan ce!" in ji Alhaji, yana nuna wata mata mai farar rigar aiki da kofur ya tsare. "Jiya ta tsira masa allura, yau muna dawowa daga masallaci muka iske mushe. Wallahi sai an rufe shagonta."

Rifkatu ce, likitar dabbobin da ke duba garken unguwar. Alhaji ya riga ya shelanta wa makiyaya cewa guba take sayarwa, har wasu matasa sun fara maganar fasa shagon.

Bamalli ya zagaya gawar, ya dubi sabuwar igiyar da ke wuyanta, ya bi sawun tayoyin a-kori-kura da suka tsaya gab da kwazazzabon suka juya.

"Alhaji, a nan yake kwana?"

"A turkensa dai, can ciki."

"To wa ya kwanto shi?"

Alhaji ya dubi Ismail, ɗan ƙanwarsa mai kula da bijimin.

"Ni ma ina masallaci, Yallaɓai," in ji Ismail. "Ƙila zafin maganin ne ya sa ya tsinke."

Bamalli ya shafa igiyar. Ba ta tsinke ba ko kaɗan.

Ya sa aka matso da Rifkatu. "Likita, me kika yi masa?"

"Allurar tsutsar ciki da kaska. A ƙarƙashin fata ake yin ta, ga wurin nan a wuya. Na gwada ƙirjinsa da awo, na ba shi daidai nauyinsa." Ta tsuguna, tana bin jikin da hannu, sai ta tsaya a cinya. "Wannan kuma ba tawa ba ce."

Ɗan huji ne, jininsa bai gama bushewa ba.

"A cikin tsoka aka yi ta, yau ɗin nan. Da wannan yawun da kumburin, ina zargin zailazin ne, maganin kwantar da dabba. In ya yi yawa sa zai zube, ba zai iya gyatsa ba, iska ta cika tumbi ta danne numfashi. Balle in an cika shi da dusa da safe."

"Ƙarya take yi don ta tsira!" Alhaji ya daka tsawa.

"Za mu gani," in ji Bamalli. Ya ce a wuce da ita ofis, don can ta fi aminci.

Washegari ya bi shagunan maganin dabbobi ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya sayi zailazin, har ya isa na wani Onwuka a Madalla.

"Oga, ni ba na sayar da wannan sai da takardar likita."

Bamalli ya ja benci ya zauna. Ya dubi kwalin zailazin da ke kan kanta, mai gurbin kwalba ɗaya a fili, ya ci gaba da dubansa. Onwuka ya share gumi.

"Oga, mutum ɗaya ne kawai. Na tambaye shi wace dabba, nawa nauyi, don na faɗa masa awo. Ya ce in rufe baki, shi ya fi ni sani, ya daɗe yana yi wa dawaki allura a Abuja. Har ya sayi babban sirinji."

"Irin wanne?"

Onwuka ya miƙo ɗaya. Bamalli ya jefa a aljihu.

Da la'asar ya tara su a ofishinsa: Alhaji, Ismail, da Rifkatu da ta kwana a tsare a bayan kantar ofishin. Ya fara hira da Ismail kamar ba bincike ake ba.

"An ce ka yi aikin barga a Abuja."

"Na yi, Yallaɓai. Har likitan wurin ni yake bari in yi allura."

"Madalla. Akwai dokin wani abokina, ba ya yarda a yanke masa kofato. Nauyinsa zai kai na bijimin nan. Zailazin nawa za a ba shi?" Ya ajiye sirinjin a kan tebur.

Ismail ya ɗauka da gwaninta, ya ja shi har ƙarshe. "A cika shi. Zai tsaya lakwas, sai yadda ka yi da shi."

"Likita?"

"Ga doki daidai ne," in ji Rifkatu a hankali. "Amma sa ba doki ba ne. Kashi ɗaya cikin goma na wannan ya ishe shi."

Sirinjin ya suɓuce daga hannun Ismail.

"Onwuka na waje," in ji Bamalli. "In shigo da shi, ko za ka faɗa da kanka?"

Ismail ya sunkuyar da kai.

"Ban yi nufin kashe shi ba, so na yi in gudu da shi. Ba ya yarda ya hau mota, shi ne na ce bari in sanyaya shi. Kafin mu kai wurin motar ya durƙushe, direban ya gudu." Ya ɗago ya dubi Alhaji. "Kawu, tun yana ɗan maraƙi ka ce nawa ne. Ni na raine shi. Sai na ji ka yi wa mahautan Gauraka magana a kansa."

"Da aka kama Likita fa, me ya hana ka magana?" in ji Bamalli.

Ismail ya kau da kai. Kofur ya sa masa ankwa ya fita da shi.

Bamalli ya miƙa wa Rifkatu jakar aikinta. "Kina iya tafiya. Sai dai mutanen Maje har yanzu maganar jiya suke riƙe da ita, kuma ba daga bakina suka ji ta ba."

Bai dubi Alhaji ba, ya shiga tattara takardunsa.

Alhaji ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. Ya gyara hularsa, ya sake gyarawa.

"Likita," ya ce, muryarsa a dushe. "Gobe zan tara makiyayan, in faɗa a gabansu. Amma ki fara ji a nan. Na zalunce ki. Ki yi haƙuri."