Gidan Makwarwa

A wani zamani, a wani ƙauye da ke bakin daji, malamar makaranta ta sa gasar zane. Ta ce, "Kowa ya zana gidan namun daji. Zanen da ya fi, za a manna shi a bangon kasuwa."

Yara suka zana keji, suka zana zaki a ciki, domin gidan namun dajin da suka sani ke nan, irin na birni.

Wata yarinya kuwa ba ta taɓa zuwa birni ba. Ita dai ta san wata makwarwa mai ƙwai shida a cikin ciyawa, bayan gonarsu. Ta tafi ta zano ta, sai ta tarar an cinna wa wurin wuta don farautar gafiya. Babu ciyawa, babu makwarwa, sai toka da ƙwai shida baƙi ƙirin. Babanta ne kuwa ya sa wutar.

Ta share hawaye, ta tsinci gawayi a wurin, ta zana abin da ta gani.

Yara suka yi mata dariya. "To, ina gidan?"

Ta ce, "Jiya yana nan."

Nata malama ta manna.

Ran kasuwa babanta ya tsaya gaban zanen, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Uwata, wallahi ban san gidan wani ne ba."

Da abokansa suka zo kiransa farauta, ya lalubi aljihu, ya fito da ashana, ya miƙa wa 'yarsa.